Ranar da Sarkin Ruwa Ya Leƙa Ƙarƙashin Gulbi

Har na ajiye aiki ban manta da ranar da Sarkin Ruwa ya zo ofishinmu a Bagudo don ya duba wani akwatin gilashi ba. A lokacin ni ne malamin kifi a sashen aikin gona. Ga waɗanda ba su san aikin ba, malamin kifi shi ne mai zagaya ƙauyukan masunta yana duba irin tarun da ake sakawa, yana kuma ba da shawara. Ba shi da ikon kama kowa. Bakinsa ne kayan aikinsa, ni kuwa nawa ya kusa tsufa a banza.

Damuwata ita ce wani tafki a gefen Lolo, dab da iyakar Benin, inda ruwan Neja ke malala in damina ta yi nisa. Nan kifi ke zuwa ya yi ƙwai cikin ciyawa. To, masu yankan burgu, wato ciyawar ruwan nan, suna kwashe ta don dabbobi, masunta kuma suna tuge sauran don kada ta riƙe musu taru. Kifi yana raguwa, kowa na kuka, amma in na ce ciyawar nan ce gidan 'ya'yan kifi sai a yi mini dariya. Mutum ɗaya ne zai iya hana taɓa tafkin, wato Sarkin Ruwan ƙauyen, dattijon da masunta na ɓangarorin iyaka biyu ke jin maganarsa. Da na matsa masa, sai ya ce:

"Malam, ruwan ga jawur shi ke. Kai ka taɓa ganin ƙarƙashinai? Gwada min da idona, in hana. In ba ka gwada ba, bana ma a yanke."

Wannan magana ta zauna mini a rai. Na samu shugaban sashenmu, Alhaji Bawa, mutum mai son a yi abu a gani, na roƙe shi ya bar ni in haɗa ƙaramin tafki a cikin gilashi. Ya yi dariya ya ce, "Umaru, gulbi za ka kawo min ofis?" Amma ya amince.

Gilashin bai ba ni wuya ba, a Birnin Kebbi aka yanka aka manne. Na zuba yashin gulbi da ɗan laka a ƙasa, na dasa ciyawar tafkin a gefe ɗaya, ɗaya gefen na bar shi fili. Wahalar tana wajen haske. Ciyawa ba ta rayuwa sai da shi, amma in ka ajiye akwatin a rana, ruwan zai yi zafi, gansakuka ta rufe gilashin ya zama kore shar. Tsohon ƙwan lantarki mai jan haske shi ma dumama ruwa yake yi. Alhaji Bawa kuwa, don kirki, ya sayo mini irin fitilun nan masu launi-launi da ake ƙawata rumfar biki da su. Na karɓa da hannu biyu, na gode, na rataya su a ƙofar ofis inda suka fi dacewa.

Abin da na zaɓa shi ne dogayen fitilu farare guda biyu marasa zafi, tsawonsu daidai da akwatin, kowace da makunninta. Wannan raba makunni da na yi, mai haɗa wutar ma sai da ya ce fi'ili ne. Na jona su da farantin sola da batir, don wutar garinmu ba abin dogaro ba ce. Ina kunnawa da hantsi, in kashe bayan la'asar, domin in haske ya wuce kima gansakuka ce ke cin riba. Kainuwar da ke yawo a sama nakan rage ta don kada ta tare wa na ƙasa haske. Famfon tace ruwa kuma na ƙi babba, don zai tuge ciyawa ya zuƙe ƙananan kifi. Ƙaramin mai hura iska na sa, da soso a bakinsa. Da ciyawa ta kama ta fara tofo, na zuba 'ya'yan karfasa masu yawa, waɗanda ba su kai tsawon farce ba.

Ranar da Sarkin Ruwa zai zo, Alhaji Bawa ya shirya tarba irin wadda muka saba. An kafa lasifika, an ɗauko maroƙi, an buɗe tagogi duka, an kunna fitilun biyu har da na bikin. Dattijon ya shigo da manyan masunta, wasunsu daga tsallaken iyaka, suka tsaya a gaban akwatin. Ruwa garau, ciyawa kore, amma ko kifi ɗaya babu.

Alhaji Bawa ya matso ya raɗa mini, "Umaru, ina kifin? Kada ka kunyata mu gaban baƙi." Wani masunci ya ce da ƙarfi, "Ashe ciyawa anka kira mu kallo!" Aka fashe da dariya. Na san in dattijon nan ya juya ya fita, ba zan sake samun kunnensa ba, tafkin kuma ya tafi ke nan.

Sarkin Ruwa bai yi dariya ba. Ya dubi lasifikar ya ce, "Ku kashe abin ga. Wa ka zuwa ruwa da hayaniya?" Nan take aka kashe. Ni kuma na roƙi a rufe tagogi, na cire fitilun bikin, na kashe fitila ɗaya na bar ɗaya. Ɗakin ya yi dishi-dishi kamar gulbi da sassafe. Na ce, "Ranka shi daɗe, a zauna a ɗan jira."

Masunta sun iya jira, wannan kam ba sai an koya musu ba. Suka durƙusa shiru. Can sai ga ɗan kifi ɗaya ya leƙo daga cikin ciyawa, sai wani, sai wani, har filin yashin ya cika da su suna walƙiya. Na ji wani ya ce, "La ilaha illallahu." Sai na miƙa hannu na kunna fitila ta biyu, na kuma gilma tafina ta saman ruwan kamar tsuntsu. Kafin ƙiftawar ido duk sun ɓace cikin ciyawa.

Dattijon ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya ce, "Ƙara yi." Na ƙara. Ya daɗe yana kallo, sannan ya nuna gefen da babu ciyawa ya tambayi mutanensa, "In anka yanke wagga, ina za su gudu?" Ya miƙe da ƙyar, ya kama hannuna ya ce, "Tun ina yaro nike bisa ruwan ga, yau na ga cikinai."

Ranar kasuwar Lolo da ta biyo baya ya sa aka yi shela cewa ba yanka, ba tuge ciyawa a tafkin har ruwa ya janye. Na tsallaken iyaka ma suka bi. Ban ɓoye ba, na yi alfahari ranar, kuma har yau ina yi. Alhaji Bawa ya riƙa gaya wa kowa cewa fitilunsa ma sun taimaka, ni kuma ban taɓa musa masa ba.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, abin da na koya shi ne masunci ba mai taurin kai ba ne. Mutum ne da ya saba gaskata idonsa, domin da shi yake ci. Kada ku gaji da shi, ku nemi hanyar da zai gani. Na yi shekaru ina surutu a bakin gulbi ba a ji ba, ranar da aka ji ni kuwa ban yi komai ba sai kashe fitila ɗaya.