Tambarin da Hawa Ta Zana

Shekara shida ke nan da muka kai ƙanwata Hawa makwancinta. Ciwon sikila ne ya ɗauke ta, ba ta kai talatin ba, kuma har yau bakina bai saba da faɗin haka ba.

Ni makaniki ne a Suame Magazine, unguwar gareji-gareji da shagunan kayan mota. Kafin rasuwarta, wasu samarin Zongo, wato unguwar Hausawa, sun haɗa manhajar waya da za ta nuna wa makaniki shagon da ke da kayan motar da yake nema, ba sai ya yini yana yawo a rana ba. Hawa suka ba aikin zana tambarin, wato ɗan hoton nan da ake dannawa a buɗe manhajar.

Na ɗauka aikin yini guda ne, sai ya ci mata watanni. Zanen farko ta sa jinjirin wata, ta goge da kanta, ta ce Magazine ba ta Musulmi kaɗai ba ce. Na biyu sifana ce a tafin hannu. Ta kawo gareji, wani abokin aikina Ba'asante ya duba ya ce kaguwa ce. Kowa ya yi dariya ban da ita. Ta koma gida, unguwar Akwatialine, ta cire hannun, ta ƙara wa layin kauri.

"Yaya, mutanenku da baƙin mai a hannu suke danna waya, gilashin ma a fashe," in ji ta. "In ba su gane shi da kallo ɗaya ba, ban yi komai ba."

A gadon asibiti ta ƙarasa shi, yatsunta a kumbure: sifana ɗaya, rawaya, a kan baƙi. Ba ta ga ranar da aka fara amfani da shi ba.

Bara samarin suka sayar da manhajar ga wani kamfani. Sababbin masu ita suka sa na'ura ta zana musu wata mota mai sheƙi a madadin tambarinta, suka cire sunan Hawa daga jerin waɗanda suka yi aikin. Babu wanda ya gaya mana. Na kira ɗaya daga cikin samarin, ya ce, "Masta, ka yi haƙuri, ba a hannunmu take ba yanzu."

Nakan tambayi kaina me za ta ce. Ban jin za ta yi fushi. Za ta nisanta wayar da fuskarta, ta ƙanƙance ido, wataƙila ma ta ce ya yi kyau. Wannan ya fi yi min ciwo.

Abin da ya saura kaɗan ne. Tsohuwar wayar mahaifiyarmu na ɗauke da tambarin Hawa har yanzu, don ta hana kowa taɓa ta balle a sabunta manhajar. Manhajar ta daina buɗewa tuni, mahaifiyar tamu kuma ba ta taɓa sayen ko ƙusar mota ba. Amma kullum sai ta sa wayar a caji. Allah Ya jiƙan Hawa.