Rijiyar Gidanmu da Amanar Dakta Alim Garga

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Talata, 14 ga Yuni, 1994, labarin rasuwarka ya same ni, Dakta Alim Garga, ina kwance a tabarma da buta a gefena. Ni na jawo wa kaina. Na tsaya a tsakar gida gaban sauran 'yan haya, na kwankwaɗi ruwan rijiyar mai gidanmu, Alhaji Mohaman, don in nuna cewa binciken da kai da 'yata Maijidda kuka yi kan ruwan rijiyoyi surutun boko ne kawai. Har tafi aka yi mini. Kafin la'asar cikina ya fitar da nasa sakamakon, ya kuwa yi daidai da naku. Haka aka kai ka makwancinka ba ni, ina safa da marwa tsakanin ɗaki da bayi.

Ni Baballe tela ne a unguwar Briqueterie. Bokona ya tsaya a aji huɗu, Faransancina na gaisuwa ne da ciniki. Ban san me ake kira mujallar bincike ba sai da Maijidda ta zama ɗalibarka a jami'a, ta shiga bin rijiyoyin unguwa da 'yan kwalabe tana auna ƙazantar ruwa.

Na tuna ranar da kwalba ɗaya ta fashe mata a taksi. Ta so ta cike gurbin da adadin watan baya, tunda a cewarta rijiya ba ta tashi daga inda take ba. Ka ce ta koma ta sake ɗebowa, ka biya mata kuɗin mota, alhali an zaftare albashinku har kana jigilar fasinja zuwa kasuwar Mokolo da motarka bayan darasi. Na kuma tuna da wani babba a sashenku ya nemi a sa sunansa a kan takardar binciken da za ku aika wa mujallar. Ni dai na ga ai girmamawa ce, kamar yadda muke yi wa manya takwara. Ka yi murmushi ka ce, “Malam Baballe, wanda bai taɓa kwalba ba, ba ya shiga jerin marubuta.” Sunanta ka sa a gaba, naka a baya.

Sai maganar rijiyar gidanmu ta taso. Tunda famfo ya zama sai an ga dama, rabin layinmu a nan yake sayen ruwa, kuma ita ce ta fi kowacce muni a awon. Alhaji yana tsoron in takardar ta fito hukuma ta rufe ta. Ya aike ni wurinka da shadda mai tsada, ni na ɗinka ta da hannuna, don ka cire rijiyar daga takardar. Ka yaba aikin wuyan, ka ninke ta, ka mayar mini. Ka ce ba za a ambaci sunan Alhaji ba, wannan haƙƙinsa ne, lamba kawai rijiyar za ta ɗauka. Amma cire ta ba zai yiwu ba, domin sakamakon bincike ba wando ba ne da za a rage masa ƙugu don ya yi wa mai shi daidai. Da za mu rabu ka riƙe hannuna ka ce, “Abu ɗaya nake roƙonka. Kada ka sa Maijidda ta zaɓa tsakanin gaskiya da ubanta.” Na ce na yi alkawari, da saurin nan da tela yake cewa gobe za a zo a karɓa.

Yanzu ga shi ka tafi. Mujallar ta aiko da gyaran ƙarshe, sa hannun Maijidda kaɗai ake jira. Alhaji ya zo duba ni, ya yi mini sannu, sannan ya ce in rijiyarsa ta fito a takarda, mu nemi wani gidan kafin ƙarshen wata. Ga iyali, ga keken ɗinki, ga wannan matsi da ko ɗaki ɗaya ya gagari mai albashi.

Jiya ta durƙusa gabana da takardun ta ce, “Baba, abin da ka ce shi zan yi.” Dakta, ni da ba a raba ni da barkwanci ko a zaman makoki, na nemi abin dariya na rasa.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya shayar da kai ruwan Alkausara. Allah ya ba matarka Hajja Jaratu da yara da ɗalibanka haƙurin wannan rashi, ya tsaya musu kamar yadda ka tsaya wa 'ya'yan mutane.

Ni kuwa alkawarinka yana wuyana. Na ce da Maijidda ta sa hannu, kada ta taɓa ko lamba ɗaya. Da zarar ƙafafuna sun iya ɗaukata, zan nufi unguwar Elig-Edzoa neman ɗaki.