Gaskit ɗin da Na Ɗaura wa Motar Baba

Ni na yi laifin, kuma na sani tun ranar da abin ya faru. Wata huɗu na yi ina kallon wani yana ɗauke da shi a madadina.

Ni bakanike ne a Tambuwal. Karatuna bai wuce firamare ba, sauran a gareji na koya. Wanda na zalunta aminin mahaifina ne, wani dattijo ɗan Kebbe da muke kira Baba. Shi ya kama hannuna ya kai ni koyon aiki bayan rasuwar mahaifinmu. Shekara da shekaru yana jan tsohuwar a-kori-kurarsa, yana ɗauko gero da dawa zuwa kasuwa. 'Ya'yansa biyu sun daɗe suna matsa masa ya bar tuƙi, wai ya tsufa, ya fara mantuwa. Shi kuwa cewa yake ranar da ya ajiye makulli, a je a yanko masa likkafani.

Da injin motar ya buga, aka sayo wani na hannu daga Sakkwato, aka kawo mini in ɗora. Al'adata ba na ɗora injin da ban ga cikinsa ba, don haka na buɗe kansa. In ka buɗe kan inji kuwa dole ka sa sabon gaskit, wato faifan nan mai huji-huji da ake shimfiɗawa tsakanin kan da gangar jikin, don kada ruwa da baƙin mai su haɗu. Mu a nan ba ma saye da lamba. Tsohon muke ba direban bas ya kai Sakkwato a gwada, a aiko da irinsa. To, na rataye tsofaffin biyu a ƙusa ɗaya, na injin da ya mutu da na wanda aka kawo. Da direban ya tsaya yana ta danna oda, na fizgo ɗaya na miƙa masa. Na mataccen injin ne.

Da sabon ya iso na shimfiɗa shi, komai ya zauna daidai sai wuri ɗaya. Akwai hujin ruwa a can baya wanda faifan ya rufe. Na gani da idona. Na sa yatsa na taɓa wurin. Jibi kasuwa, Baba na zaune a kan benci yana cin goro, yana faɗa wa masu wucewa cewa ɗan amininsa ba shi da na biyu a ƙasar nan. Kunya ta hana ni cewa na aika da samfurin da ba shi ba. Na ce a raina huji ɗaya ne, sauran za su wadatar. Na shafa gam, na ɗaure noti.

Kwana tara motar ta yi tana aiki. A rana ta goma ta tafasa a kan hanyar Kebbe da buhu ashirin na mutane a bayanta. Aka jawo ta gareji. Da na zaro ma'aunin mai, ya fito fari kamar koko. Babban ɗan Baba ya tsaya a kaina ya ce, "Mi ya kawo wanga?"

Na ce, "Inji in ya rasa ruwa haka shika yi."

Ban ce Baba ya manta bai zuba ruwa ba. Na dai ajiye maganar a inda za su ɗauka, suka kuwa ɗauka. Baba ya ce, "Na zuba, wallahi da asuba na zuba." Ɗan ya ce, "Baba, shekaranjiya ma cewa ka yi ka rufe ƙofar garke, anka iske ta buɗe." Baba ya dube ni. Na sunkuya ina goge sifana. A gabana ya zaro makullin daga aljihu ya miƙa wa ɗansa.

Na gyara motar da gaskit ɗin da ya dace, na jefa wancan bayan tsofaffin tayu. Ƙaramin ɗan ya ci gaba da janta. Duk ranar kasuwa sai in ga ta wuce da wani a mazaunin Baba.

Bayan girbi na je Kebbe duba injin ban-ruwa na wani. Na tarar da Baba a ƙofar gida kan tabarma, ya rame. Ya yi murna, ya sa aka kawo mini fura. Muna hira sai ya ce, "Ɗana, ka san abin da ke damuna? Ba motar ba. Har yau ina ganin hannuna riƙe da jarka a asubar nan, ina jin ƙarar ruwan. In wannan ma ban yi ba, to mi ya rage da zan yarda da shi cikin kaina? Yanzu ko raka'a sai in riƙa ƙirgawa da yatsa."

Na ajiye furar. Na hau babur na koma Tambuwal, na tono gaskit ɗin daga bayan tayu. Washegari na dawo da shi, na roƙi a kira 'ya'yan biyu. Na ɗora shi a kan tabarma, na nuna musu inda hujin ya kamata ya kasance. Babban ya miƙe zai yi magana, Baba ya ɗaga masa hannu.

Na durƙusa na ce, "Baba, ka zuba ruwa. Ni na toshe hanyarsa, na gani kuma na ɗaure. Sannan na bari anka karɓe maka makulli ina tsaye. Hankalinka lafiya lau yake. Don Allah ka yafe mini."