Lantana Mai Fanke Za Ta Sauke Kasko

Kafin motocin Karu su fara cunkoson shiga gari, Lantana ta riga ta kwaɓa fulawa ta ɗora kasko. Shekara ashirin da biyu ke nan tana bin leburori da fanke, wannan gini ya ƙare ta koma wancan. Zama ne ba ta iya ba. Ko mai bai yi zafi ba, sai ta sami abin gogewa.

Da yawanku kun gan ta a waya, sunanta ne ba ku tambaya ba. Ita ce a bidiyon nan da wani injiniya ɗan China ya sayi fanke, ta ƙara masa biyu gyara, bawan Allah ya ɗauka kuskure ta yi ya mayar. Ta tura, ya turo, ba mai jin yaren wani. Sai da ta ɗaure fuska ta nuna shi da cokalin suya sannan ya ci, har da lumshe ido. Aka yi ta raha, wai fanke ba ya neman tafinta, wai a tura ta taron sulhu da kaskonta.

Na yi dariyar nan, amma abin da Zacharias mai gadi ya gaya mini ya fi tsaya mini a rai. Ya ce duk baƙon da ya sauka daga ƙauye bai sami aiki ba, tana hango shi za ta ƙulle masa fanke kyauta ta kau da kai.

Yanzu hayaƙi ya ci mata ido ɗaya. Likita ya ce ta bar wuta ko ɗayan ya bi shi. 'Yarta Fiddausi ta ɓoye kaskon sau biyu, sau biyu Lantana tana arowa a maƙwabta. Da ƙyar ta yarda Juma'ar nan ce ta ƙarshe, kuma tun da ta yarda take kai da kawowa a tsakar gida.

"Baƙin nan ba sa faɗin suna jin yunwa fa," ta ce da ni. "A fuska ake gane wanda bai karya ba. In na zauna, wa zai duba?"

Ke ce uwar baƙi, Lantana. Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Ki zauna, ki tsira da idon da ya rage miki. Mu da idanunmu biyu ke lafiya, kunya ce ta kama mu. Daga Asabar dubawar ta koma kanmu.