Dirkoki Huɗu Da Kawu Jabiru Ya Bar Mini

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, goma ga watan Shawwal, bayan Azahar, Allah Ya karɓi ran Kawu Jabiru mai akurki a gidansa da ke Lafagu. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki.

Kawu, tun ina yarinya kake ba ni mamaki. Da ciwon gwiwa ya raba ka da kamun kifi a kogi, ba ka zauna ba. Ka ɗebo tsohon taru ka kama gina wa kaji ɗaki a kan dirkoki, ƙasansa gora jere, kashi na zuba ƙasa, laima ba ta taɓa ƙafarsu. Rufin kwano kuwa ko kyauta ba ka so, sai jinka. Ka ce wanda ya rufa wa kaza kwano a zafin Bagudo gasa ta ya yi niyya. Har daga ƙetaren Benin ake zuwa ɗaukar ka, kuma ba ka taɓa mayar da gwauruwa hannu wofi ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne tsummanka. Kafin ka haƙa rami, sai ka kunna tsumma ka tsuguna tsakar gida da rana tsaka. Yara na dariya. Na tambaye ka ya fi a ƙirga, kullum amsa ɗaya: "Ɗiyata, mi kike gaggawa? Kin gani wata rana."

Bara, da ruwa ya matso iska ta ɗauke, kajina suka dinga haki suna faɗuwa. Na yi kuka, don su ne rufin asirina. Bana ka ce ba za a sake ba. Ka zo ka kafa dirkoki huɗu, ba jikin katanga ba, ba ƙarƙashin mangwaro ba, sai tsakiyar hanya, inda maigidana Baban Kausar ke shigo da babur! Ka tafi yankan gora, ciwo ya kwantar da kai.

Bayan sadakar uku maigidan ya ce, "A tuge su mana, tunda mai su ya tafi." Ni ma ban san dalilinka ba. Sai na yage gefen tsohon zane na kunna, na tsuguna inda kake tsugunawa. Gumi har idona, ganye ko motsi. Can sai hayaƙin ya karkata, ya bi wata 'yar iska da ke sulalowa ta zaure, ya ratsa tsakanin dirkokinka ɗoɗar. Ashe ita kake nema wa kajina. Na gani, Kawu, amma babu kai da zan faɗa wa.

Maigidan ya daɗe yana kallo. Yanzu a zaure babur ke kwana.

Ina yi wa matarka Inna Riskuwa da 'ya'yanta ta'aziyya, Allah Ya ba mu haƙuri. Kai da ka nema wa bayin Allah marasa baki sanyi, Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata kabarinka, Ya buɗe maka ƙofar da iskar Aljanna ke shigowa. Amin.