Wadda Ta Ƙi Tashi

Wata uku da rufe matata Hajiya a nan Lyon, jikata Rabi, mai karatu a Bron, ta fiddo ni daga ɗaki da ƙarfi. Wai mu tafi kallon tsuntsaye. Kawunta na Maradi kuma kullum yana waya: in yarda ya sayo mini biye, tikitin jirgi, in koma gida. Ban ce i ba, ban ce a'a ba. Abinci ma haka nake cinsa.

Gonaki ne bayan gari, an gama girbe masara, sai kara da laka da sanyi. Nasara manya da furfura, kowa da madubin hangen nesa, sun yi tsit. Ba su harbi, ba su kora. Ni da na tsaya aji uku a lakwal, wannan ilimi ya fi ƙarfina.

Da garken tsuntsayen ya sauka gonar, hannuna bai yi shawara da ni ba. Na tafa, na yi "haa!" irin ta tsaron gero. Duk suka watse.

"Tsoho, ka kashe ni," in ji Rabi. "Tun safe suke jiransu."

"Gonar mutum na ceta, amarya. Ya zo ya gode."

Ɗaya ce ba ta tashi ba, doguwa, fara, kamar shamuwa ta yi wanka. Rabi ta ce ƴan'uwanta sun daɗe da wucewa can ƙasarmu.

Sai na ga Kaka Dije a zuciyata, muna yara. Bayan girbi takan hura wuta da kara a tsakar gida, mu kewaye ta muna gasa gujiya. "Ga ta nan, ku matso, ba ni da murya." Wata shamuwa ce, damina ta ƙare, garke ya yi shirin tafiya. Mijinta ya faɗo daga gawo, ya mutu a gindinsa. Aka ce ta taso, ta ce su yi gaba. Sanyi ya zo, fara ta ƙare, tana bisa reshe.

"Sai me, Kaka?"

"Sai ta zauna."

"Kura fa?"

"Ba kura. Ku tashi, wuta ta mutu."

Mun daɗe muna cewa tsohuwa ta cuce mu, ta manta ƙarshen ne. Ban lissafa ba a lokacin cewa shekarar aka rufe kakanmu, kuma ƴaƴanta sun yi ta fama ta bi su birni.

Rabi ta miƙo mini madubin. Ban ga komai ba sai tsuntsuwa tsaye cikin laka.

"Ki kira kawunki," na ce. "Ya bar biyen nan."