Wutar Minjirya

Gidanmu a Gaya warin kifi yake, bango da tabarma har mu kanmu. Baba masunci ne, Kaka kuwa, mahaifiyarsa, ita ke banda. Da an idar da sallar magariba sai mu jikoki mu kewaye murhun bandarta, hayaƙi na sa mu hawaye amma ba mai matsawa. Tana juya tarwaɗa da hannu ɗaya, tana make hannuwanmu da ɗayan. Ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke buɗewa. Cewa take, "Ga ta nan ta taso daga ƙasan gulbi." Mu amsa, "Ta hau tudu mu ji ta."

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta minjirya, kifin nan mai santsi da in ka taɓa shi sai ya fizge ka har kafaɗa. Wai a da kifaye suna ta faɗawa taru saboda duhun ƙasan ruwa. Sai suka taru suka zaɓi minjirya, don ta fi kowa kai, ta tafi wurin hadari ta koyo musu wuta. Ƙananan kifaye har abincin bakinsu suka ba ta guzuri. Ta daɗe can, ta dawo da wuta cike da ciki. Kowa ya matso ya ga haske. Sai ta saki wutar, na kusa suka sandare, ta bi su tana haɗiya.

"To ta haska musu daga baya?" in ji ƙanwata Hadiza.

"Ta haska mi?" in ji Kaka, ta tofar da yawu gefe. "Shi ya sa ba ta hawa murhuna. Ƙazama!"

Shekaru suka ja, Kaka ta rasu, ni kuma na tafi jami'a a Yamai ina karatun injiniyan lantarki. Mu biyu ne 'yan Gaya a ajinmu, ni da Sanusi. Tare muke shiga labo, ɗakin gwaje-gwaje, tare muka koyi naɗa waya a transfo, na'urar ƙara ƙarfin wuta, da yadda ake ɗaga wutar batir har ta kai ta kisa. Kansa ya fi nawa ja, wannan ba zan ɓoye ba.

Akwai wani tafki a bayan gari da gulbi ke cikawa in ya kawo. Nan kifi ke zuba ƙwai. Sarkin ruwa kan hana taɓa shi sai kifin ya girma, sannan a sa ranar su, wato ranar kamun kifin gayya, kowa ya shiga. Abin da Baba ya kama a ranar shi ke riƙe gidanmu har damina. Da muka zo hutu a shekararmu ta uku, saura kaɗan a buɗe tafkin.

Wata safiya labari ya cika gari, muka ruga bakin tafkin. Ashe Sanusi ya haɗa batir ɗin mota da transfon da ya naɗa da hannunsa, ya ba wasu samari, suka zura waya a ruwa. Sun kwashe manyan kifayen sun haye gulbi zuwa kasuwar Malanbil da su, sauran sun bar su nan. Bakin ruwan fari fat da 'yan kifi kamar yatsa, ciki sama, sun kumbura, ƙudaje sun rufe su, har da kwaɗi da kunkuru. Cikin warin kifi na girma, amma ranar sai da na yi amai.

Na iske Sanusi a gindin mangwaro yana shan shayi.

"Abin da muka je koyo ke nan?" na tambaye shi.

"Kai dai ka cika surutu. Ba ka ga naɗin ba? Ko ɗumi bai yi ba."

Wallahi yabo yake jira. Tun ranar ban sake sa hannu a kwano ɗaya da shi ba.

Aka yi su, Baba ya dawo da abin da bai cika ƙwarya ba. Da la'asar yana ɗinkin taru ya kira ni, bai ɗago kai ba.

"Wanga abu da yaron nan ya haɗa, kai ma ka iya?"

Na ɗauka faɗa zai yi mini. Na ce, "Na iya, Baba."

"To ka haɗa mini guda. Kowa shi zai koma yi. In tsaya ina kallo?"

Na sunkuyar da kai na ce ya yi haƙuri, ba zan haɗa ba. Ya daɗe yana jan zare kafin ya ce, "To mi ka koyo muna?"

Ina yaro na ɗauka tatsuniyar Kaka a kan mugun kifi ɗaya ce, wanda za ka la'anta ka wuce. Ba ta gaya mana halin wanda zai dawo da wutar ya ƙi cutar da kowa, amma kuma ya bar mutanensa a duhu ba. Ƙyamar Sanusi ba ta taɓa yi mini wuya ba. Na gama karatu, ina ja wa gidajen mutane waya a Yamai, kifin tafkin bai dawo yadda yake ba, Baba ya jingine taru. Tambayarsa ce har yau ban amsa ba, shi kuma bai sake yi mini ita ba.